Mai Ciwon da Ba Ya Ganin Ciwonsa: Sharhi Kan Farkon Taɓin Hankali da Ƙin Karɓar Magani

A watan Janairun 2023 ne shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya rattaba hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da Najeriya ta gada daga Turawan mulkin mallaka. Tsohuwar dokar ta ɗauki mai taɓin hankali a matsayin wanda za a tsare domin jama'a su huta, sabuwar kuwa ta ɗauke shi a matsayin majinyaci mai haƙƙi, wanda ya kamata a nemi yardarsa kafin a yi masa magani, a kuma kare shi daga wulaƙanci da ɗauri. Sai dai wannan tanadi ya bar tambaya mai nauyi a kan duk gidan da ya taɓa jinyar irin wannan ciwo, musamman a ƙauyukan Kano da Jigawa inda likitan ƙwaƙwalwa yake nesa. Ta yaya za a nemi yardar mutumin da ya rantse cewa lafiyarsa ƙalau, alhali kowa a gidan yana ganin akasin haka? Kafin a kai ga amsa, sai an fahimci dalilin da ke hana mai ciwon ganin ciwonsa, domin a kan wannan gaɓa ce jinya take gyaruwa ko ta lalace.

Irin ciwon da ake nufi

Cututtukan ƙwaƙwalwa suna da yawa, kuma mafi yawansu, kamar ciwon damuwa da na fargaba, ba sa raba mutum da sanin halin da yake ciki. Wanda ake magana a kai a nan shi ne nau'in da ke gurɓata yadda mutum yake fahimtar zahiri. Mai shi yakan ji muryoyi ko ya ga abin da sauran mutane ba sa ji kuma ba sa gani, yakan kafe a kan wani zato da babu hujjar da ke kawar da shi, kamar cewa maƙwabta sun haɗa baki za su kashe shi ko cewa da shi rediyo take magana, kuma tunaninsa yakan warware har zancensa ya rasa kan gado.

Sanannen ciwon da ke haifar da haka shi ne sikizofireniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yana tare da kimanin mutum miliyan 24, wato wajen mutum 1 cikin kowane 300, kuma yakan fara ne daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da 'yan kai, ya fi kama maza da wuri. Amma ba shi kaɗai ba ne. Shan wiwi da sauran kayan maye na iya tayar da irin waɗannan alamu, haka ma ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki, da kuma wanda ke kama mace 1 ko 2 cikin kowace 1,000 a makonnin farko na jego. Idan likitoci suka ce farkon ciwo, suna nufin karon farko da alamun suka fito fili da 'yan shekarun da ke biye da shi.

Shi kuwa sanin ciwo, wato mutum ya san cewa ba shi da lafiya, a 1990 wani likitan ƙwaƙwalwa a Landan mai suna Anthony David ya nuna cewa ba abu guda ba ne da mutum ke da shi ko ya rasa shi. Ya kasa shi gida uku: mutum ya yarda cewa yana da ciwo, ya iya gane cewa muryar da yake ji ko zargin da yake yi daga ciwon suke, sannan ya yarda ya karɓi magani. Waɗannan ukun ba lallai su zo tare ba. Akwai wanda ke shan ƙwayarsa kowane dare ba fashi amma har gobe bai yarda yana da taɓin hankali ba, akwai kuma wanda zai ce da bakinsa kansa ba daidai yake ba amma ko da wasa ba zai taka asibiti ba. Wannan rarrabewa ce ta fi amfani ga masu jinya, domin tana nuna cewa ba sai an sami na farko ake samun na uku ba.

Ba taurin kai ba ne kawai

Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 1973, wanda aka gudanar a cibiyoyi tara ciki har da Ibadan, ya gano cewa rashin sanin ciwo shi ne alamar da ta fi kowace yawa ga masu sikizofireniya a lokacin da ciwon ya tashi. A 1994 kuma Xavier Amador da abokan aikinsa a Amurka suka sami fiye da rabin majinyatan da suka bincika ba su da cikakken sanin cewa suna da ciwo. Abin da ya yawaita haka a ƙasashe mabambanta da wuya a jingina shi ga rashin tarbiyya ko halin mutum ɗaya.

Masana sun kasu wajen bayanin dalili. Kaso na farko suna ganin matsalar a cikin ƙwaƙwalwar take, suna kafa hujja da abin da likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana a 1914, inda wasu masu shanyewar ɓarin jiki na hagu suke musun cewa hannunsu ya mutu, a ce su ɗaga shi su kasa, amma su nace cewa lafiyarsa lau. Ba ƙarya suke yi ba, sashen ƙwaƙwalwar da zai sanar da su ne ya taɓu. A taɓin hankali ma, abin da mutum zai auna tunaninsa da shi shi ne ya sami matsala, tamkar a ce mai awo ya gwada ingancin mudunsa da wannan mudun dai. Bincike ya danganta alamun da yawan aikin wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne nuna wa mutum abin da ya cancanci ya mai da hankali a kai. Idan aikinsa ya wuce kima, sai tarin da maƙwabci ya yi a bayan katanga, ko kallon da mai shayi ya yi, su zo wa mutum da nauyin saƙo na musamman, kuma jin hakan a wurinsa gaskiya ne kamar jin zafin wuta.

Kaso na biyu suna cewa akwai kare kai a ciki. Saurayin da ya tashi yana ganin yara na bin mahaukacin kasuwa da jifa yana da dalili mai ƙarfi na ƙin yarda a sa shi a wannan sahu, domin ya san abin da sunan zai yi wa neman aurensa, da shaidarsa, da matsayinsa a majalisa. Hujjojin da ake da su sun fi nuna cewa dalilan biyu suna haɗuwa, kuma gwargwadonsu ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Akwai wani abu da ya keɓanci farkon ciwon wanda gidaje da yawa ke bari ya wuce su. Kafin alamun su fito fili, sau da yawa akan yi watanni mutum yana jin cewa wani abu ya sauya. A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 20 da ya dawo daga ci-rani: barci ya ƙaurace masa, ya daina zuwa majalisa bayan isha'i, ya rage fita gona, wanka ya zama sai an yi masa magana, wata rana kuma ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, ni fa kaina ba ya yi mini daidai." A wannan mataki yana da sanin ciwonsa, yana cikin tsoro, kuma da za a ce a tafi asibiti da wuya ya yi gardama. Amma yawanci sai a ce gajiya ce, ko a ce a yi masa aure zai nutsu. Bayan wani lokaci sai ƙwaƙwalwar ta samar wa kanta bayanin da zai haɗa duk abubuwan da ke ruɗa shi, ya wayi gari yana cewa yanzu ya gane, ƙanen babansa ne ke zuba masa guba a tuwo saboda gonar gado. Daga ranar shakka ta ƙare, ya sami wata irin nutsuwa ta wanda ya warware ƙulli, kuma duk mai musa masa ya shiga jerin maƙiya. Ƙofar da ta kasance a buɗe a watannin baya ta rufe ke nan.

Iska, sammu da ma'aunin likita

A karkara, bayanin farko da gida ke bayarwa shi ne iska, ko sammu, ko jifa, idan kuma mai ciwon ya fara barin gida yana bin hanya sai a ce kurciya aka yi masa. Tambayar ita ce ko wanda ya ce "sammu aka yi mini" ya rasa sanin ciwonsa. Ƙa'idar likitanci ita ce abin da al'ummar mutum ta yi tarayya wajen gaskatawa ba a lissafa shi cikin alamun ciwo. Wanda ya ce ba shi da lafiya, ya gane cewa muryoyin ba na mutanen da ke zaune tare da shi ba ne, yana kuma neman taimako, ya sami kaso mai yawa na sanin ciwo ko da ya jingina sababin ga aljani. Bincike a Vellore da ke kudancin Indiya ya nuna majinyata da yawa suna riƙe da bayani biyu a lokaci guda, na asibiti da na gargajiya, ba tare da ganin karo a tsakaninsu ba. Wanda ake damuwa da shi shi ne wanda zarginsa ya wuce abin da danginsa da malaman garinsu za su yarda da shi, wanda ya ƙi abinci, ya kwana da wuƙa a ƙarƙashin tabarma, kuma babu mai iya sa shi ya ce "wataƙila".

A ƙauye, sanin da dangi suke da shi yakan fi na majinyacin tasiri, domin uba ko kawu ko miji ne ke yanke shawarar inda za a nufa, shi ne kuma zai sayar da akuya ko buhun gero a sami kuɗin mota. Hanyar da aka saba ita ce a fara da tofi da rubutu, a je ga mai ruƙiyya, wasu su bi ta wurin boka ko 'yan bori, asibiti ya zo a ƙarshe bayan aljihu ya bushe. Masu suka suna nuni da jinkirin da wannan ke jawowa da kuma cutarwar da akan yi da sunan magani, irin su duka, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da sanya mari. Ba a manta da samamen da 'yan sanda suka kai wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Masu kare malamai kuwa suna cewa su ne ke kusa, su jama'a suka amince wa, kuma addu'a ba ta hana shan magani. Akwai gwajin da ya auna wannan batu kai tsaye: Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Ibadan da Kumasi ta Gana, sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna majinyatan da aka yi wa jinyar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Ma'anar wannan ga ƙauyen Jigawa ita ce malamin da zai ce wa uba, "Alhaji, a ci gaba da addu'a, amma gobe a kai shi asibiti," ya fi kowace sanarwar rediyo tasiri.

Abin da jinkiri ke ci

Nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa gwargwadon tsawon lokacin da mutum ya ɗauka da alamun ba tare da magani ba, gwargwadon wahalar murmurewarsa da komawarsa sana'a. Wannan ne ya sa likitan ƙwaƙwalwa Patrick McGorry ya buɗe cibiyar kula da farkon ciwon a birnin Melbon na Ostireliya a 1992, Ingila kuma ta sa ƙa'ida a 2016 cewa a fara jinya cikin mako biyu da tura majinyaci. A Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma galibinsu a birane suke. Mutumin karkara zai nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano ne, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Kazaure idan daga Jigawa yake, tafiyar da ke buƙatar shatar mota da ƙarti biyu idan majinyacin ya ƙi. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka an yi shi ne domin rage wannan tazara, don haka malamin asibitin gunduma wuri ne da ya dace a fara tuntuɓa.

Akwai yanayi biyu da ba sa jiran shawarar dangi. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, tana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ko sanƙarau, kuma tana kisa cikin kwanaki. Haka mai jegon da ta daina barci, ta fara cewa jaririn ba nata ba ne ko an musanya shi, tana buƙatar asibiti a ranar, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jaririn.

Tilas ko lallashi

Sabuwar dokar ba ta rufe ƙofar kwantar da mutum ba da yardarsa ba, ta dai sanya wa hakan sharuɗɗa da binciken likita, musamman idan akwai haɗari ga ransa ko na wasu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna ganin ko wannan ma ya yi yawa, domin a wurinsu tilas tana karya amana tana kuma buɗe hanyar zalunci, kuma tarihin gidajen mari yana ba maganarsu nauyi. Likitoci da iyaye da yawa suna ganin barin mutum da ciwon da ya ƙwace masa ikon zaɓi da sunan girmama zaɓinsa wani nau'in yasarwa ne. Inda ɓangarorin suka haɗu shi ne tilas ta zama matakin ƙarshe, ta ɗan lokaci, a hannun ma'aikatan lafiya, ba a turu a bayan gida ba. Rashin yarda da ciwo shi kaɗai ba ya nufin mutum ya rasa ikon yanke shawara a kan komai.

Tsakanin tilas da zuba ido akwai fili mai faɗi. Hanyar da Amador ya koyar ta ginu ne a kan saurare, da nuna tausayi, da neman abin da aka yi ittifaƙi a kai, sannan a yi aiki tare. Uban da ya ce, "Kai yaro, ka dawo hayyacinka, babu mai binka," amsar da zai samu sananniya ce: "Baba, ku ne ba ku san abin da ake ƙulla mini ba." Yayan da ya zauna ya ji zancen har ƙarshe, sannan ya ce, "Ni ban ji muryar nan ba, amma na ga rabonka da barci an kwana biyu, mu je a ba ka abin da zai sa ka runtsa," bai gaskata zargin ba, bai kuma ƙaryata ƙanensa ba, ya kama abin da su biyun suka yarda matsala ne. Zaɓen mai maganar ma yana da muhimmanci. A gidan Bahaushe, kunyar ɗan fari kan hana uwa da uba doguwar hira da shi, alhali kaka ko taubashi, waɗanda wasa ya halatta musu faɗin abin da wani ba zai faɗa ba, sukan shawo kansa cikin raha.

Dabarar da gidaje kan koma gare ta, wato niƙa ƙwaya a zuba a kunu ko fura a ɓoye, tana da haɗari na musamman. Mutumin da ciwonsa ke gaya masa ana sa masa wani abu a abinci, ranar da ya ji ɗaci ko ya ga gari a gindin kofi, ya sami hujjar da babu mai iya rushe ta, kuma mutum na ƙarshe da ya amince wa ya fita daga hannunsa.

Lokacin da hankali ya fara dawowa

Magungunan wannan ciwo sun samo asali ne daga 1952, lokacin da aka fara amfani da wanda aka sani da Largactil a Faransa. Shi da Haldol suna cikin masu araha da aka fi samu, akwai kuma sababbi irin su risferidon da olanzafin, da allura irin Modecate da ake yi bayan 'yan makonni ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya. Yawanci barci da natsuwa ne ke fara dawowa, muryoyi su ragu cikin makonni, sanin ciwo kuwa yakan zo a hankali, wani lokaci rabi-rabi. Tsofaffin magungunan kan sa jiki ya sanƙare, hannu ya yi rawa, yawu ya dinga zuba, sababbin kuma kan sa ƙiba da yawan barci. Manomin da ya ce maganin ya hana shi riƙe fartanya gaskiya yake faɗa, ba rashin sanin ciwo ba ne, kuma abin da ya dace shi ne a koma a rage ko a sauya, ko a ƙara masa maganin rage sanƙarewar, irin su Artane, bisa umarnin likita, maimakon a yi masa faɗa ko a bar maganin gaba ɗaya.

Barin magani da zarar an ga sauƙi shi ne babban sababin dawowar ciwon. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1999 ya sami cewa daina shan magani bayan karon farko ya ninka haɗarin dawowarsa kusan sau biyar, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a ci gaba na aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu ko da mutum ya koma kamar da. A gidan da ake hannu baka hannu ƙwarya, kuɗin magani da na mota ne kan yanke wannan shawara kafin majinyacin ya yanke ta.

Abin da ba a cika faɗa wa dangi ba shi ne dawowar sanin ciwo tana da nata haɗarin. Bincike ya nuna cewa waɗanda suka fi gane halin da suka shiga sun fi faɗawa cikin baƙin ciki da yanke ƙauna, musamman idan sun ɗauki mummunan kallon da jama'a ke yi wa mai taɓin hankali sun ɗora wa kansu, kuma shekarun farko na ciwon suna cikin lokutan da haɗarin kashe kai ya fi yawa. Saurayin da ya farfaɗo yana tuna zagin da ya yi wa ƙanen babansa a bainar jama'a, ya tarar an mayar da kayan baikonsa, yara kuma sun laƙaba masa suna. A daidai lokacin ne gida ke sakin jiki, ana cewa an gode Allah ya warke. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne a mayar masa da wani aiki da ke hannunsa a da, ko da kiwon tumaki ne ko tsaron tireda, a daina ba da labarin abin da ya aikata a gabansa, manya kuma su shiga tsakani a gyara zumuncin da ciwon ya ɓata. Idan aka ji yana cewa ya zame wa mutane kaya, ko gara ya mutu ya huta, a kawar da maganin ƙwari na gona da igiya da sauran abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma koma asibiti a ranar ba tare da jiran kwanan watan da aka rubuta a kati ba.